Neman Shaidar Kifin Alhaji Nomau

Talata: ƙofar Tambuwal

Tun kafin kiran assalatu na ɗaura wa jakina mangala, na yi salla, na je na tsaya bakin ƙofar gari ina jiran a buɗe. Sunana Arzika, marini ɗan marini. Ban taɓa yin nisan rabin yini daga karofinmu ba sai wannan karon, kuma abin dariya, kifi ne ya fitar da ni, kifin da ban taɓa sa wa ido ba.

Ga yadda abin yake. Alhaji Nomau taubashina ne, ɗan gwaggona, ni kuwa ɗan kawunsa, saboda haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma cikin raha yana ce mini ubangijina. Allah ya ba shi ido. Kafin ya tafi Makka shi ke hawa ganuwa duban sabon wata, in ya ce ya gani an gama magana. Shekara tara ya yi a hanya. Da ya komo anka cika zaurensa, ya ba da labarin Ka'aba da Zamzam, kowa na "Allah shi kai mu". Da ya tsaya nan da lafiya lau. Sai ya shiga labarin kifi.

"A Sawakin, bakin Bahar Maliya, munka yi wata bakwai muna jiran jirgi," in ji shi. "Can akwai wani kifi, zaune shike ƙasan ruwa awa dutse mai gansakuka. Ba shi iyo, bisa hannuwa shika tafiya. A goshinai akwai ɗan siririn sanda da abu awa tsutsa a baki. Shi da kainai shika jefa fatsa. Ƙaramin kifi ya zo cin tsutsa, sai ka nema ka rasa." Ya ce akwai wani kuma mai hannuwa takwas a baki, da dogaye biyu da yake ɓoyewa. In ya sauka kan rairayi ya zama rairayi, in ya raɓi baƙin dutse ya zama baƙi, in an firgita shi ya feso tawada ya ɓace a cikinta.

Haba! Ni da nake tsoma zane ɗaya sau bakwai, sau takwas, in shanya in sake tsomawa kafin ya yi baƙin kirki, a ce mini kifi na yin haka kafin ƙiftawar ido? Na ce, "Bawana, wane karofi kifin ga ke zuwa, in je in koyi aiki?" Anka fashe da dariya, shi ma ya yi. Nan take na laƙa masa suna Alhaji Fatsa.

A gida wannan ba laifi ba ne, wasan taubasai ne, ba mai shiga tsakani. Kuskurena shi ne na kai shi kasuwa. Ran kasuwa, gaban baƙi daga Dogon Daji da ko'ina, na ɗaura kara a goshi na yi rarrafe ina lilo da shi, ina cewa ga kifin Alhaji. Ashe muhutin alƙali, malamin da ke tantance masu shaida, yana tsaye nan. Baƙo ne a garin, bai san tsakaninmu ba. Da Nomau ya ga watan Sha'aban ya je ya faɗa, sai muhuti ya ce ba a karɓa ba, domin mutum ne da danginsa ma ke ƙaryata shi a kasuwa. Alƙali ya ce in yana son a saurare shi ran duban watan azumi, to a kawo wanda ya ga kifin nan tare da shi. Daga ranar Nomau ya daina fita sai masallaci, a can ma sahun ƙarshe. Ni kuwa ko gaisuwata ba ya amsawa.

Mutum ɗaya ya rage a raye cikin ayarinsu, Baba Gado, masunci a Kebbe. Saura kwana goma sha biyu a dubi wata. Kunya ta dame ni, amma in faɗi gaskiya, rabin abin da ya tashe ni son sani ne. Ina so in ji ko kifin nan yana nan.

Sarkin ƙofa ya zare sakata gari na wayewa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Arzika, ina za ka da jaki ba kaya?"

"Kebbe."

"Kai ɗaya? Mahara na kwanto a dajin ga. Jira waɗancan." Ya haɗa ni da wasu fatake uku masu kanwa. Har mun fita ya ɗaga murya, "Ka gaishe mini da kifi!" Wasan da na shuka ne ya biyo ni.

Talata: daji

Mai ƙarfin sau yana kai Kebbe a yini guda. Mu da jakai, ga bazara ta tsaya, munka raba biyu. Munka bi gonakin dawa da anka share ana jiran ruwa, da hantsi munka shiga daji, sabara da geza sai ƙirya jefi-jefi. Fataken nan ba su da magana, idonsu na kan kowace duhuwa. Ni ko kowane kututture na gani sai in ga kamar mutum ne a tsugune.

Rana ta kusa tsaka sai na hango barewa uku suna kiwo a wani fili, kusa da su ga burtu, wannan baƙin tsuntsu mai jan maƙogwaro, yana tafe yana sassarar ƙasa da baki. Na ga tafiyarsa ba ta yi mini ba, gindinsa ya cika girma. Maimakon in yi shiru, sai na ɗauki hoge na jefa, don kawai in ga yadda zai tashi. Barewa sunka watse. Burtu kuwa ya miƙe tsaye, ya zama ƙaton mutum da baka a hannu, kan tsuntsu ɗaure a goshinsa, baƙin zane a bayansa.

"Wane ɗan banza ne wanga?" in ji shi. "Tun asuba nike rarrafe cikin ƙaya!"

Fatake sunka shiga ba shi haƙuri, ni kuwa na miƙa masa goron guzurina duka. Da ya huce sai bakina ya ƙi zama. Na ce ya nuna mini kan. Na gaske ne, an busar da shi an kafa bisa itace mai lanƙwasa, an sa jajayen 'ya'yan itace a gurbin idanu. Na ce, "Yanzu barewa ba ta ganin ƙafafunka?"

"Tana gani mana. Kan takan duba, in ya yi mata daidai ta ci gaba da kiwo. Aikin duk a wuya yake. Shekara uku ina bin burtu ina koyon yadda shika sunkuyawa." Ya ɗan gwada mana, wallahi har na so in sake jifa.

Da azahar munka sauka wata ruga anka dama mana fura da nono mai sanyi, munka jira rana ta karye. Bayan la'asar munka ƙara gaba, munka kwana wani ƙauye mai shingen ƙaya, a zauren mai gari. Tuwon dawa da miyar kuka, ba nama, amma ban bar komai a akushi ba.

Laraba: Kebbe

Munka tashi da asuba, da hantsi munka hango ganuwar Kebbe da duhun itatuwan bakin gulbi. A ƙofa anka bincika kanwar fatake, ni anka dubi hannuwana anka ce, "Marini, wuce." Nan munka rabu. Ban sha wuyar samun Baba Gado ba, duk wanda na tambaya sai ya ce, "Alhaji mai maganin ido? Bi nan."

Na tarar da shi ƙarƙashin rumfa yana ɗinkin komar kamun kifi, tsoho ƙanƙane, fata duk ta yamutse. Mata uku na zaune gefe da 'ya'yansu masu ciwon ido. Ya ajiye koma, ya ciro wani farin abu daga cikin tsumma, tsawonsa kamar tafin hannu, fasalin ɗan jirgin ruwa. Ya kankare kaɗan da wuƙa cikin kwalli ya ba kowace. Na ji ɗaya na gaya wa 'yar'uwarta cewa kumfar Bahar Maliya ce, wadda ta daskare a hanyar mahajjata.

Da sunka tafi na gaishe shi, na ajiye masa turkuɗin da na rina da hannuna, na faɗi abin da ke tafe da ni, ban rage komai ba, har karan goshi. Ya saurara yana ɗinki. Na gama ya ce, "Nomau na nan da rai? Madalla. Zancen kifi kuwa, ɗana, ni ban san shi ba."

"Baba, ya ce tare kunka gani!"

"Tsufa ya ci ni. Na manta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana biyu ina tafe, ƙaya ta gama da dugadugaina, a ce an manta? Sai wani tunani ya zo mini wanda ya fi wannan muni: to ko dai ni ke da gaskiya tun farko? Abin mamaki, ban ji daɗin haka ba ko kaɗan. Na miƙe zan kwance jaki, tsoho ya ce, "Ba a zuwa gidana a koma da rana tsaka. Kwana. Gobe da hantsi ka raka ni gulbi." Anka kawo tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, na ci ina fushi, amma na ƙara.

Alhamis: bakin gulbi

Gulbi ya janye, sai tafkuna nan da can tsakanin rairayi. Baba Gado ya kai ni wani ɗan ƙarami, ruwansa bai kai gwiwa ba, garau har ƙasa. Ya zaunar da ni inda inuwata ba ta faɗa ciki ba, ya nuna wani wuri da haɓa.

"Mi ka gani?"

"Rairayi."

"Duba dai."

Na duba har idona ya yi ruwa. Rairayi ne, da ɗan guntun kara, da wasu duwatsu biyu ƙanana kamar ƙwayar gero. Na ce masa ni fa ba wasa ya kawo ni ba. Ya ce in rufe baki. Rana na dukan ƙeyata, ƙuda na damuna, har na fara gyangyaɗi. Can sai ga 'yan kifaye sun taho a jere, ɗaya ya ratse ya nufi wajen duwatsun nan biyu.

Wallahi ban ga yadda anka yi ba. Na dai ga rairayi ya tashi, wani dogon wuya ya fito ya koma, ɗan kifi babu shi. Ruwa ya kwanta, komai ya koma yadda yake. Na yi salati da ƙarfi har tsuntsaye sunka tashi. Baba Gado ya shiga ruwa a hankali, ya cusa hannu ta baya, ya ɗago kififiya, irin kunkurun ruwan nan mai laushin baya, faɗinta kamar faifai, launinta launin rairayin sak, har da ɗige-ɗigen. Duwatsun nan biyu ashe idanunta ne. Ya bar ni na shafa bayanta, na murza yatsa in ga ko launin zai fita, don hannun marini bai yarda da launi sai ya murza. Ya sake ta, ta girgiza jiki sau biyu, rairayi ya rufe ta. Na san inda take, ina kallon wurin, amma ban ganin ta.

"Wannan a ƙofar gidanku take," in ji tsoho. "Shekarunka nawa ba ka san da ita ba?"

Ya zauna ya wanke ƙafa, sa'an nan ya fara magana ba tare da ya dube ni ba. "Na ga kifin. Ni masunci ne, amma Nomau ne ya fara ganinai. Sau uku shina nuna mini ina cewa dutse ne, har dutsen ya buɗe baki. Bakin ya fi rabin jikinai. Sandan goshin kuwa, in ba kifi kusa, kwantar da shi shikai, sai ya ga abinci shi ɗaga shi fara lilo."

Tambaya ta riga ta cika mini baki. "Mai tawadar fa, Baba? Da gaske launi shika sakewa?"

"Mun sa shi a kwatarniya, rabi farin rairayi rabi baƙin tsakuwa. In ya ƙetara, launin na bin jikinai awa inuwar girgije bisa gona. Ba launi kaɗai ba, fatar ma takan yi ƙuraje ta zama tsakuwa. Shi lallaɓa hakanan har kusa da ƙaguwa, sai dogayen hannuwan nan biyu su fito, an gama."

"Tawadar tana kama zane?"

Ya yi dariya. "Kai dai marini ne. Ta ɓata mini riga, ruwan ƙasa-ƙasa, har munka kai Jidda ba ta fita duka ba."

Na ce to alhamdu lillahi, ya shirya, shi bisa jaki ni a ƙasa, jibi muna gaban alƙali. Ya girgiza kai. Ya ciro farin abin nan na maganin ido ya ɗora mini a hannu. Ba nauyi ko kaɗan.

"Ƙashin bayan mai tawadar ke nan. Larabawan can kumfar teku suka ce mishi, ni ma da na komo haka nic ce. Na fara ba da labarin kifin sau ɗaya, na ga yadda anka dubi juna, na kama bakina. Yau shekara da shekaru mata na kawo ɗiyansu don kumfar hanyar Makka. In je gaban alƙali in ce ƙashin kifi ne mai hannu goma? Kafin in komo labari ya riga ni. Nomau ya fi ni zuciya, shi ya sa shi ke cikin wahala ni ina cin tuwona. Ba ni zuwa."

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ce mutuncin abokin tafiyarsa ne. Hawaye ya taru a idonsa amma bai sake magana ba. Da na matsa sai ya juyo ya ce, "Tsaya. Alƙalin nan, a bakin wa ya ji Nomau maƙaryaci ne? Ni na faɗa?" Ya karɓe abinsa ya naɗe a tsumma.

Juma'a da Asabar: komowa

Bayan sallar Juma'a na bi wasu masu shanu da za su arewa. Munka kwana ƙauyen nan mai shingen ƙaya, mai gari ya tambaye ni ko na samo abin da na je nema, na ce na samu rabi. A hanya ban jefi komai ba, ban ma yi magana ba, har wani Bafillace ya tambaya ko ba ni da lafiya. Asabar da azahar na shiga Tambuwal. Sarkin ƙofa ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya ga fuskata ya fasa. Ban biya gida ba, na ɗaure jaki ƙofar alƙali na yi sallama.

Zaure cike yake. Alƙali ya sa anka kira Nomau, ya zo ya zauna can bakin ƙofa, ya rame, bai dube ni ba.

"Ina shaidar?" in ji alƙali.

"Allah gafarta malam, ban zo da shi ba. Ya gaya mini ya gani, amma ya ƙi zuwa."

Muhuti ya ce, "An ce wani ya ce. Wannan ba shaida ba ce."

"Na sani," na ce. "Wata magana na zo da ita. Duk wanda ya ce Alhaji Nomau maƙaryaci ne, a bakina ya ji. Ni na sa mishi suna, ni na yi rarrafe a kasuwa. Taubashina ne, wasa nikai. Shekara arba'in muna tare ban taɓa kama shi da ƙarya ko ta ƙwayar gero ba. Abin da ban gani ba ne na kira ƙarya."

"Yanzu ka ga kifin?"

"Ban gani ba."

Alƙali ya shafa gemu. Ya tambayi muhuti ko akwai wani da ya taɓa sukar Nomau ban da ni. Muhuti ya yi tunani ya ce babu, duk daga kasuwar nan ne. Sai alƙali ya ce, "Mutumin da zai ɗaura kara a goshi ya yi rarrafe a kasuwa don ya tozarta ɗan'uwansa, ba a karɓar shaidarsa a zauren ga. Arzika, daga yau kada a kira ka shaidar aure, ko ciniki, ko gado, sai an ga natsuwarka. Tun da kuwa maganarka ba abar kamawa ba ce, abin da ka faɗa kan Alhaji ya faɗi. Alhaji, ran ashirin da tara ka hau ganuwa."

Kunya ta rufe ni, kamar in nutse. Ubana shekara talatin ana kiransa shaida a garin nan, ni ga inda na kai sunan gidanmu. Na fito ina kwance jaki, sai na ji an tsaya bayana.

"Ubangijina," in ji Nomau. Rabon da ya kira ni haka tun kafin watan Sha'aban. "An ce ka je har gulbi. Mi ka gani can?"

Na ce, "Bawana, na ga rairayi ya haɗiye kifi."

Ya dube ni, bakinsa na motsi yana danne dariya. "To ka kama bakinka. Yanzu duk garin ga ba mai yarda da kai sai ni. Taho gida ka faɗa mini tun daga farko."

Ya karɓi igiyar jakin, munka tafi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya. Allah shi saka wa fataken kanwa, da mai garin da ya ba ni tabarma sau biyu, da maharbin da na kore wa barewa. Baba Gado kuwa, na gode da tuwo.